Darasi: Wanke Fim ɗin Hoto a Gida da Kuɗi Kaɗan

Manufar darasi

Bayan kammala wannan darasi, mai koyo zai iya:
1. bayyana abin da ke faruwa ga fim daga ɗaukar hoto zuwa wanke shi;
2. tantance kayan da sai an saya da waɗanda ake da su a gida;
3. wanke fim baƙi-da-fari daga farko har ƙarshe;
4. duba negatif ya gane inda kuskure ya shiga.

Gabatarwa

Kafin salula ta shiga hannun kowa, mutumin ƙauyen Safo da ke neman hoton katin ɗan ƙasa, ko amarya da ƙawayenta, ko yara ranar sallah, sai sun dangana da mai hoto a Maraɗi. A ɗauka yau, a ce a dawo jibi. Tsakanin yau da jibin nan, mai hoton kan shige wani ɗan ɗaki mai duhu ya yi aikin da mafi yawan mutane ba su taɓa gani ba. Wannan aikin za mu koya.

Sana'ar ta ja baya ƙwarai, amma ba ta mutu ba. Har yau kamfanin Ilford a Ingila, da Kodak a Amurka, da Foma a ƙasar Cek, suna yin fim, kuma tsofaffin kyamarori na nan kwance a akwatunan gidaje. Negatif, wato fim ɗin da aka riga aka wanke, in an wanke shi da kyau yana shekara da shekaru bai lalace ba. Seydou Keïta ya buɗe shagon hotonsa a Bamako a 1948, ya adana negatif ɗinsa dubbai, sai a farkon shekarun 1990 duniya ta san da su, aka buga su manya-manya aka nuna a ƙasashe. A nan gida Nijar, hotunan da Philippe Koudjina ya ɗauka a Yamai cikin shekarun 1960 da 1970 suna cikin abin da ke nuna mana yadda samari da ƴan matan lokacin suka yi ado da shagali.

Kayan da sai an saya ba su da yawa. Abin da ke raba aiki mai kyau da ɓarna shi ne awo: awon magani, awon zafi, awon lokaci. A ƙasarmu kuwa abokan gaba biyu ne, zafi da ƙura, kuma kusan duk dabarun da ke cikin darasin nan a kansu suke.

1. Abin da ke jikin fim

Fim leda ce mai ƙarfi wadda aka shafe gefenta ɗaya da jelatin, wani irin danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi. Cikin danƙon akwai ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa waɗanda ido ba ya iya gani. Idan aka danna kyamara, haske ya taɓa wasu daga cikinsu, sai su canja, amma hoton na nan ɓoye.

Magani na farko, maganin fito da hoto, shi ke mayar da ƙwayoyin da haske ya taɓa su zama baƙar azurfa. Inda haske ya fi yawa, nan ya fi baƙi. Shi ya sa farar riga ke fitowa baƙa a negatif, inuwa kuma ta fito fara. Magani na biyu, maganin kafewa, yana narkar da sauran ƙwayoyin da haske bai taɓa ba ya fitar da su, don in an bar su, za su yi baƙi daga baya su cinye hoton. Wani masani ɗan Ingila, John Herschel, shi ya gano sinadarin da ke wannan aiki a 1819. Daga nan sai ɗauraya da shanya.

Mai koyo ya fara da fim baƙi-da-fari. Fim mai launi yana son ruwa mai zafin digiri 38 ba ƙari ba ragi, maganinsa ya fi tsada, kuma ba ya jimawa bayan an haɗa shi.

2. Kayan aiki

Waɗanda sai an saya guda huɗu ne:

Fim. A bayan kwalinsa akwai lamba, 100 ko 400. Mai 100 ya dace da ranarmu mai ƙarfi. Mai 400 ya fi dacewa a inuwa da cikin ɗaki. Fim mai faɗin milimita 35, mai hoto 36, tsawonsa ya ɗara mita ɗaya da rabi.

Tanki da kwarkwaro. Tankin ɗan gwangwani ne na roba ko ƙarfe, murfinsa na barin ruwa ya shiga ya fita amma ba ya barin haske. Kwarkwaron kuwa shi ake naɗa fim a jikinsa don kada wani sashe ya taɓa wani. Tankin Paterson, wanda aka fi sani, yana cin ruwa mililita 290 ga fim ɗaya, sai a riƙe 300 don sauƙin lissafi.

Ma'aunin zafi. Irin na auna zazzaɓi ba zai yi ba, don ba ya sauka ƙasa sosai. A nemi wanda ke karanta daga digiri 10 zuwa 50.

Magani biyu da aka ambata.

Sauran duk ana samu a gida ko a farmasi: almakashi, mabuɗin kwalba, sirinji mai mililita 10, kofin awo, kwalabe uku masu murfi, agogo ko salula, igiya, maƙalan shanya, da bargo mai kauri.

Ba a samun tanki da magani a kasuwar ƙauye. A fara tambayar tsofaffin masu hoto na Maraɗi, don wasu na da tankin da suka jingine. A ba ƴan kasuwar da ke zuwa Kano ko Yamai saƙo, a rubuta musu sunan abin a takarda. Maganin kafewar da ake wanke hoton ƙashi na asibiti da shi yana yi wa fim ɗin kyamara aiki, saboda haka masu sayar da kayan asibiti ma wurin tambaya ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ƴan aji su haɗa kuɗi, domin tanki ɗaya da ma'auni ɗaya sun ishi mutum goma.

Cikin magungunan fito da hoto, Rodinal ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi. Kamfanin Agfa na Jamus ne ya fito da shi a 1891. Ruwa ne mai ƙarfi, yana daɗewa a kwalba ko da ya yi duhu, kuma kaɗan ake ɗiba: kashi 1 na magani, kashi 50 na ruwa. Wato mililita 6 cikin ruwa mililita 300. Ku yi lissafin da kanku: kwalbar mililita 500 za ta wanke fim sama da 80. Abin da aka haɗa sau ɗaya ake aiki da shi a zubar. Maganin kafewa kuwa ana mayar da shi kwalba a sake aiki da shi sau da yawa.

3. Idan maganin farko bai samu ba

A 1995 wani malami, Scott Williams, da ɗalibansa a wata makarantar fasaha da ke Rochester a Amurka, sun nuna cewa kofi na iya fito da hoto. Daga baya masu sha'awar aikin suka gyara haɗin. Ga wanda aka fi bi, a ruwa lita ɗaya:

– soda mai ƙarfi, giram 54
– bitamin C, giram 16
– garin kofi mai narkewa, irin Nescafé ɗin masu shayi, giram 40

Sodar daga bikarbonat ake samunta. A zuba giram 86 a busasshiyar tukunya mai tsabta, a ɗora a wuta, a riƙa motsawa. Garin zai fara ɓulɓulowa yana fitar da iska da tururi. Idan ya lafa, ya yi laushi, a sauke a bar shi ya huce, a auna: zai koma wajen giram 54. Wani zai ce ai ga kanwa a gida. Gaskiya ne akwai irin wannan soda a cikinta, sai dai tana haɗe da gishiri da ƙasa, kuma ƙarfin wannan dunƙule ba ɗaya yake da na wancan ba, saboda haka ba ta aunuwa. Bitamin C ɗin kuma a nemi gari ko ƙwaya zalla a daka a tace, ban da mai tafasa cikin ruwa.

A narka soda tukuna, sannan bitamin, kofi a ƙarshe. A bar shi minti 5 ya kwanta, a yi aiki da shi nan take, minti 15 a digiri 20. Ya fi dacewa da fim mai lamba 100. Yana da wari, kuma yakan bar negatif da ɗan launin ƙasa, wanda ba laifi ba ne. Amma a sani, maganin kafewa ba shi da madadi a madafa. Shi kam sai an saya.

4. Zafi

Lokutan da kamfanoni ke rubutawa a takardar fim duk a kan ruwa mai digiri 20 ne. Da bazara, a Afrilu da Mayu, zafin yankin Maraɗi kan haura digiri 40, ruwan da ya kwana a jarka kuma ya yi ɗumi. Magani mai ɗumi yana aiki da sauri fiye da kima, ya ƙona hoton, jelatin ɗin ma ya yi laushi har ya saɓule.

Dabarun su ne: a yi aiki da asuba. A ɗebi ruwan randa, wanda ya fi na jarka sanyi. A sayi ruwan leda mai sanyi a gauraya da marar sanyi har ma'auni ya nuna 20. Wannan ruwan ya kuma fi na rijiya tsabta. A ajiye tanki da kwalabe cikin roba mai ruwa da ɗan guntun ƙanƙara, don kada su ɗumama ana tsakiyar aiki.

Idan 20 ta gagara, ana iya aiki har zuwa 24, amma a rage lokaci, kusan kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari a kan kowane digiri. Misali, fim ɗin Ilford HP5 cikin Rodinal 1 da 50 yana son minti 11 a digiri 20. A digiri 24 sai a ba shi ƙasa kaɗan da minti 8. Kada lokacin ya gaza minti 5, don maganin ba zai ratsa ko'ina daidai ba. Da hunturu kuwa ruwan safe na iya sauka ƙasa da 20, sai a ɗan ƙara mai ɗumi. Abu ɗaya ba ya canjawa: magani biyun da ruwan ɗauraya su kasance zafinsu kusan ɗaya.

5. Naɗa fim cikin duhu

Wannan ne kaɗai matakin da ke buƙatar duhu, kuma duhu ƙirin. Ko jar fitila ba a yarda da ita ba. A bari sai dare, a shiga ɗaki, a rufe ƙofa da taga da bargo, a bar salula a waje. A zauna minti 5. Idan bayan haka ana iya ganin tafin hannu, duhun bai isa ba.

Kafin a kashe fitila a jera kaya a tabarma yadda hannu zai same su: fim a dama, almakashi da mabuɗin kwalba a tsakiya, tanki da murfinsa a hagu. A wanke hannu a busar da shi sarai, domin gumi ko ɗigon ruwa ɗaya a kan kwarkwaron roba ya isa ya sa fim ya cije.

A ɓalle murfin gwangwanin fim da mabuɗin kwalba, a zaro shi, a yanke siririn bakinsa ya daidaita. A laluba bakin kwarkwaro da babban yatsa: akwai ƴan haƙora biyu da suka ɗan fito. A cusa fim ƙarƙashinsu, a ja shi kamar tsawon yatsa. Sai a riƙa murza gefen kwarkwaron gaba da baya, za a ji fim ɗin na shiga da kansa da ɗan sautin ƙas-ƙas. A riƙe shi ta gefe-gefe kawai. Idan ya cije kada a tilasta, a buɗe kwarkwaron a sake farawa. Gaggawa aikin shaiɗan ce, a nan kuwa fim guda take ci. Da ya ƙare a yanke ƙarshensa, a sa kwarkwaron a jikin sandar tsakiya, a jefa cikin tanki, a murɗa murfi har ya kama. Yanzu ana iya kunna fitila.

Duk mai koyo ya fara gwadawa da mataccen fim da rana, ido buɗe, sannan ido rufe, har hannu ya saba.

6. Wanki mataki-mataki

1. A haɗa magani biyun, a tanadi ruwan ɗauraya, a auna zafin kowanne. A rubuta suna a jikin kowace kwalba.
2. A zuba maganin fito da hoto gaba ɗaya, a fara ƙirga lokaci. A riƙa kifa tanki ana tayar da shi a hankali na daƙiƙa 30, sannan a ɗan buga gindinsa a ƙasa don kumfar da ta maƙale ta tashi.
3. A farkon kowane minti a kifa shi sau 4, a buga, a ajiye.
4. Saura daƙiƙa 10 lokaci ya cika a fara tsiyayewa.
5. A cika da ruwa zalla, a jijjiga, a zubar. A yi haka sau biyu.
6. A zuba maganin kafewa, a riƙa kifawa kamar ɗazu. Don sanin lokacinsa, a ɗauki guntun bakin fim ɗin da aka yanke a tsoma cikin maganin a fili. Da farko zai yi fari-fari, sannan ya washe har a ga yatsa ta cikinsa. A ninka lokacin da ya ɗauka sau biyu, shi ne lokacin fim ɗin da ke tanki. Ranar da lokacin washewar ya ninka na sabon magani, ƙarfinsa ya ƙare.
7. A mayar da maganin kwalbarsa. A ɗauraye ta hanyar da kamfanin Ilford ya tsara don tsimin ruwa: a cika tanki a kifa sau 5 a zubar, a sake cikawa a kifa sau 10, a sake cikawa a kifa sau 20. Duka bai kai lita ɗaya ba.
8. Ɗaurayar ƙarshe a yi ta da ruwan leda da ɗigo ɗaya tak na sabulun ruwa, don kada ruwa ya bushe ya bar tabo.

7. Shanya da ajiya

Jiƙaƙƙen fim da ƙura kamar tuwo ne da rairayi: in sun haɗu ba a raba su. Kafin a rataye shi a yayyafa ruwa a daɓen ɗaki, a rufe taga, a kashe fanka. A maƙala shi a igiya, a sa wani maƙali a ƙasa ya ja shi ya miƙe, a fita a ja ƙofa. Kada a shanya a rana, kada a goge da tsumma. Da hunturu ana iya rataye shi cikin gidan sauro mai tsabta wanda aka ɗan jiƙa.

Idan ya bushe a yanka shi hoto shida-shida, a sa kowane yanki cikin farar takarda, a rubuta rana da wuri da sunayen mutanen da ke ciki. A ajiye a gwangwani mai murfi, nesa da zafin kwano, da laimar damina, da gara.

Ba sai an mallaki injin buga hoto ba kafin a ga sakamako. A buɗe farin shafi a fuskar wata salula, a riƙe negatif ɗin ɗan nesa da ita, a ɗauka da wata salular, sannan a juya launin da manhajar gyaran hoto. Haka ma za a iya yi wa tsofaffin negatif ɗin iyaye da kakanni.

8. Karanta kuskure

Negatif na faɗin abin da ya same shi ga wanda ya iya dubawa. A fara da gefen fim, inda kamfani ya buga suna da lambobi.

– Fim fari fes, babu ko lambobin gefe: an fara zuba maganin kafewa, ko maganin farko ya mutu.
– Fim fari amma lambobin sun fito: wankin daidai ne, fim ɗin ne bai tafi ba a cikin kyamara.
– Baƙi ƙirin har gefe: haske ya shiga.
– Fari-fari mai hazo a tsakiya: kafewa ba ta isa ba, a mayar da shi cikin maganin.
– Ƙananan ɗige masu zagaye: kumfa ce, ba a buga tanki ba.
– Gefe ɗaya ya fi haske daga farko har ƙarshe: maganin bai rufe kwarkwaro ba.
– Hoton ya yi duhu da kaushi: zafi ko lokaci ya yi yawa.

Saboda haka kowa ya tanadi littafi. Duk wanki a rubuta irin fim, awon magani, zafin ruwa, lokaci, da abin da ya fito. In za a gyara, a canja abu ɗaya kawai a wanki na gaba, don a san wanda ya kawo bambanci.

9. Kariya

Rodinal ɗin da ba a sirka ba yana ƙuna, a kiyaye ido da fata, a sa safar hannu. Kada a yi aiki da kwanon abinci ko moɗar sha. A ɗora kwalabe inda yara ba sa kaiwa. Tsohon maganin kafewa yana ɗauke da azurfa mai cutar da kifi da ƙananan halittun ruwa, don haka kada a zubar da shi kusa da rijiya, ko lambu, ko inda zai gangara Gulbin Maraɗi. A jefa soson ƙarfe a ciki a bar shi kwanaki, azurfar za ta kwanta a ƙasa, a tace a adana ta. Wajen ɗaukar hoto kuma, ko a kasuwa ne ko a bakin tafkin Madarunfa, a nemi izinin mutum kafin a nuna masa kyamara.

Tambayoyi

1. Me ya sa farar riga ke fitowa baƙa a negatif?
2. Wane mataki ne kaɗai ke buƙatar duhu, kuma yaya ake tabbatar da cewa duhun ya isa?
3. Me ya sa ba a aiki da kanwa a haɗin kofi?
4. An wanke fim ya fito fari amma lambobin gefe sun fito. Ina laifin yake?
5. Guntun fim ya washe cikin minti 2. Minti nawa za a ba fim ɗin da ke tanki?

Lissafi

1. Tanki na cin ruwa mililita 500. Rodinal nawa za a ɗiba a awon 1 da 50?
2. A fitar da awon soda, bitamin C da kofi na ruwa mililita 300.

Aikin yi

1. Kwana uku a jere, ku auna zafin ruwan randa da na jarka da asuba, da azahar, da bayan isha'i. Ku rubuta a jadawali, ku faɗi lokacin da ya fi dacewa da wanki a gidanku.
2. Ku kasu uku-uku, kowa ya naɗa mataccen fim a kwarkwaro ido rufe, sauran su riƙe masa agogo.
3. Ku tambayi dattawan gidanku ko akwai tsohon negatif a ajiye. Wanda ya samu ya kawo aji cikin takarda, tare da sunayen waɗanda ke ciki da shekarar da aka ɗauka, in an tuna.